Gaisuwar da Na Aika wa Ƙauran Namoda Daga Saman Bene

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama wawan Rusaifa, unguwarmu a nan Makka, da furfurata da komai. Maƙwabcina Abu Faisal, Bahaushe ne haifaffen Makka, yana da wani akwatin rediyo a saman bene wanda ake magana a cikinsa a ji ka a wata ƙasa. Da lasisinsa fa, ba kara zube ba.

Sau ɗaya a shekara wasu tsofaffin Turawa kan kafa irin wannan rediyo a tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa na ƙasarsu, inda suke ta lallaɓa jiragen gawayi kamar jikoki. Duk wanda ya samu yin magana da su sai su aiko masa da kati. Katin nan Abu Faisal ya daɗe yana nema, bara ma bai samu ba.

Da ranar ta zagayo bana, da la'asar na hau na same shi, a matsayina na masani (ajina uku a firamare, kuma a bakin tashar Ƙauran Namoda aka haife ni, wa zai gaya mini jirgi?). Mutane daga ko'ina suna ta rububi, Baturen yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya kira lambar rediyon maƙwabcina, amma muryar tana shiga tana fita.

"Ya Ammi, riƙe min wannan in juya eriya," in ji Abu Faisal (haka yake kirana, wato baffa), ya miƙo mini abin maganar. "Amma kar ka danna komai!"

Yana juya baya na ji ta. Ƙarar usur ɗin jirgin gawayi, daga bayan Baturen, doguwa mai kuka. Rabona da ita tun ina saurayi. Wallahi har ƙamshin hayaƙin na ji, na ga masu tallan rake suna bin tagogi.

To ni a sanina, in rediyo ta ba ka dama, gaisuwa ake yi. Na danna, na gyara murya.

"Ina gaida Malam Ɗanjuma mai ba jirgi hannu, da Sale birkila, da Inna Kulu mai fura, da dukkan mutanen layin tasha, da fatan suna cikin ƙoshin lafiya..."

Ashe muddin kana danne, kai ba ka jin kowa. Abu Faisal ya taho a guje yana "Halas! Ya isa, ya Ammi!" ni kuwa ina ɗaga masa hannu ya dakata, ban kai dangin uwa ba. Ko da ya ƙwace abin, Baturen ya wuce ga wani, daga nan muryar ta nutse cikin shuuu. Abu Faisal bai zage ni ba. Ya zauna kawai yana kallon akwatin, abin da ya fi zagi ciwo.

Na sauko ina lissafin sunayen da na kira. Babu wanda na tabbatar yana raye. Duk da haka na je wa matata Hajiya Rabi da ƙarfin hali, na ce ai zumunci na yi.

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Zumunci? Ka hana bawan Allah katinsa don ka gaida matattu. Ƙanenka yana nan da ransa a Ƙaura, da waya a aljihu. Yaushe rabonka da kiransa?"