Ga Ta Nan Ga Ta Nanku a Shumaisi

Abin da ba zan taɓa mantawa ba ya faru ne shekara guda bayan korona, kafin a yi min aikin ido, ina zaune gidan ɗana Sani direba a unguwar Shumaisi, cikin Riyad. Muna da maƙwabciya 'yar Indiya, Malli, nas ce a asibiti. Da guntun Larabcin kasuwa muke hira.

Ranar sunan autan Sani ta shigo barka ita da 'yarta. Ana cikin cin shinkafa ta nuna mana wata manhaja a wayarta. Ta ce yarensu Irula ne, masu yin sa sosai sun ƙare sai tsofaffi, shi ne ake ɗaukar muryarsu ana zubawa a ciki, yara na saurara suna maimaitawa. 'Yar tata ta danna, wata tsohuwa ta rera waƙa, yarinya ta bi ta tiryan-tiryan.

Ni kuwa (Allah ya yafe min bakina) na gyara mayafi na ce miskina, yaren da ya koma neman mafaka a waya ai sai addu'a. Na ce mu Hausa a nono muke shan ta. Ban yi boko ba, amma a garinmu in na fara tatsuniya har matan aure leƙowa suke ta katanga. Ƙawayena Hajiya Kande da Hajiya Dije suna ta gyaɗa kai, suka ƙara zuga ni. Har na manta ba a tatsuniya da rana.

Na kira jikata Rukayya, 'yar shekara goma sha ɗaya, haihuwar nan Riyad. Na tsayar da ita gaban mata, na ɗaga murya: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ko ɗan yaye a gida ya san zai ce ta zo mu ji ta. Rukayya ta yi tsuru-tsuru. Na sake. Can ta matso ta tambaye ni da Larabci, yadda take kiran kaka, kowa na ji: "Ya jadda, me ake cewa?"

Kande ta ajiye cokali ta ce, "Hajiya, ko nonon ne bai samu iƙama ba?" Iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan ke nan, mata suka tuntsire. Na nemi tsakiyar dardumar in shige, babu ƙofa.

Malli kaɗai ba ta yi dariya ba. Washegari ta dawo ta nuna min inda ake dannawa a ɗauki murya. Yanzu tatsuniyoyina na cikin wayar Rukayya, tana amsawa da kyau, ni ma miskinar na samu mafaka. Tun ranar, kafin in tausaya wa yaren wani sai na fara gwada jikokina a ɗaki, ƙofa a rufe.

Dije ta rasu, Malli ta koma ƙasarsu. Saura ni da Kande, ita kuwa har yau in ta kira ni sai ta tambayi lafiyar nono.