Dashen Lemona da Ruwan Shayin Afandi

Yau kwana tara ke nan dashen lemona arba'in suna zaune cikin tukwane a rumfar kwastan a bakin teku, ganyensu duk ya lanƙwashe. Ran nan da safe na sake zuwa, na tarar da Afandi, jami'in kwastan mai hatimi, ya naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Maƙwabcina Miftahu ne ya ja mana. Bara masu bincike suka soke masa garwar man zaitun goma sha biyu da tsinken ƙarfe, wai suna neman taba a ciki. Ya kai ƙara har sabuwar babbar kotun nan tamu, alƙalai suka ce ɓarnar da ma'aikaci ya yi da hannunsa a bakin aiki, gwamnati ce za ta ɗauka. Ranar har rago aka yanka a unguwa. Ni ma na ci, kuma yanzu ina nadama.

Na ce, "Afandi, a taimaka a duba kayan nan, mutuwa suke yi."

Ya ce, "Alhaji, ba ka ji hukunci ba? In na taɓa ganye ya faɗi, na jefa gwamnati cikin ƙara. Ni ba na cin amanar ƙasa."

Kun ji kishin ƙasa! Allah Ya ƙara wa manyanmu basira.

Na ce, "To, bari ni in ba su ruwa."

"Kayan da ba a duba ba, mai shi ba ya taɓawa."

Raina ya ɓaci sosai, don shekara uku na yi ina gyara gonar nan. Amma Afandi mutum ne mai karamci, ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Da ya ɗauraye kofuna zai watsar da ruwan, na ce, "Don girman iyayenka, watsa ta can."

Ya waiga hagu da dama, ya sheƙa wa tukwane biyu. Ya ce, "Ka zama shaida, zubar da ruwa na yi, ba aiki ba."

Yanzu kullum ina kai masa ganyen shayi da na'ana'a da sukari, muna sha sau shida a yini. Baɗi in kun ji lemona yana ƙamshin na'ana'a, kada ku tambaye ni dalili.