Baƙi a Robar Askirim

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne ranar Lahadin da na kunyata kaina a gidan Mama Ladi a unguwar Erdington da ke Birmingham.

Ina karatu a Manchester a kan wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu, dangin Phalangiidae. Kowa gizo-gizo yake ce musu, ni kuwa abin yana ƙona min rai (shekara biyu ina leƙensu a madubin bincike, dole in kare su). Sau ɗaya a wata nake hawa mota zuwa Birmingham. Mama Ladi ƙawar mahaifiyata ce tun Kafanchan, kuma a teburinta kaɗai nake jin Hausa. Idan ta ce "ƙara tuwo", muryar uwata nake ji.

Rannan na ga ƙwarin nan sun taru a bangon bayan gidanta. Na ɗauko robar askirim daga kicin, na kama guda tara, na sa a firji. Haka muke yi a jami'a, sanyi yana sa su lafa a ɗauki hoto. Na manta cewa a firjin 'yan Najeriya, robar askirim miya ce.

Matan coci da Mama ta gayyato sun zauna, an yi addu'a. Miya ta kasa, Mama ta ɗauko robata ta buɗe a tsakiyar tebur. Ɗumi ya buge su, suka miƙe. Matar fasto ta haye kujera. Ɗaya daga cikin ƙwarin ya yar da ƙafarsa a kan tuwo, tana ta motsi ita kaɗai.

Maimakon in ba da haƙuri, sai na ce, "Mama, they're harmless, ba sa cutarwa! Ba gizo-gizo ba ne. Ba dafi, ba saƙa, jikinsu dunƙule guda, ido biyu kawai."

"Ko jikan gwamna ne," in ji ta, "fitar min da shi."

Wata uku kunya ta hana ni komawa. Ina ɗakina ina cin burodi, ina kewar gidan kamar in yi kuka. Sai ga wayarta.

"Ke, 'yata, wa ya kore ki? Na kaɗa kuka. Ki zo, amma hannu rabbana."

Darasin da na koya: idan kana baƙunta, kada ka gayyato naka baƙin, balle masu ƙafa takwas.