Baƙuwar Gindin Randa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta kawo wa furena nono ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko tuwo nake tuƙawa sai na saki muciya na rufe fuska.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, nasaru na ta ɗaure kayansu. Muna zaune a Dogon Dutsi, maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, ni kuwa amarya mai ji da kanta: na yi kolej a Yamai, ga shi ba na wasa da salla. Matan unguwa har Malama suke ce mini. Duk wadda na ji ta je wajen 'yan bori sai na zaunar da ita da "ki ji tsoron Allah" (a tausashe dai, amma ba na fashi). Wadda ta fi shan wa'azina ita ce maƙwabciyata Hajo.

Wata Madam unguwarzoma, da za ta koma ƙasarsu, ta bar mini ɗan fure a kasko. Biyolet take ce masa, kuma "ita" take kiransa, ni ma na bi. Ganyenta kauri ne da shi da gashi-gashi kamar kunnen ɗan akuya, furen kuma shuɗi mai duhu kamar sabon turkuɗi. Sai dai akwai dokoki. Tana son haske amma rana na kashe ta. Ruwa kada ya taɓa ganye, a zuba a tasa ta sha ta ƙasa, kuma ban da mai sanyi. A zafin garinmu wuri ɗaya ya karɓe ta: gindin randa, can ƙuryar ɗakina, inda yashi ke da danshi. Na rataya farin ƙyalle a taga don ya tace mata rana.

Ga inda na jawo wa kaina. Maigida na fita, ba ni da abokin Faransanci, sai in durƙusa gabanta in tambaye ta yadda ta kwana, in yaba mata sabon toho, duk da raɗa (wai kada harshen ya yi mini tsatsa).

Ana nan Iya, mahaifiyar maigida, ta zo mana daga Gesheme. Mace ce mai salla, amma ba ta raina abin da ta taras iyayenta na tsoro. Na lura takan tsaya bakin ƙofa ba ta shigowa, na ɗauka kunyar shiga ɗakin ɗanta take.

Ranar kasuwa na dawo da cefane na ga takalma birjik ƙofar ɗakina. Ina leƙawa na ga Iya, ga wata tsohuwa 'yar bori durƙushe gaban kaskon tana yi masa barka da hutawa, ga Hajo da wasu mata a tsaye. Iya na riƙe da ƙwaryar nono, ta karkata ta saman ganyen.

Na yar da kwando. "Iya, kada ku zuba! Ba ta son a jiƙa mata jiki!"

Tsohuwar ta waiwayo ta jinjina kai. "Kun jiya? Mai ita ta san halinta. Rana hwa, ɗiyata?"

"Ba ta son rana," in ji ni, ina haki.

"Haka suke. Daga ina ta hito?"

Da ina da wayo da na yi shiru. Amma ɗiyar kolej ce aka yi wa tambaya, dole ta amsa. Na ce Madam ta ce asalinsu wasu duwatsu ne can gabas, cikin inuwa.

"Ɗiyar dutsi ta!" in ji tsohuwar. "Kuma an ce nasaranci kukai da ita. Akwai irinsu, ba su jin komi sai shi."

Hajo ta gyara ɗaurin zane, ta dube ni sama da ƙasa. "Malama, ashe ke ma da taki? Tamu dai ko ba komi tana jin Hausa."

Sai lokacin na gane: sun ɗauka iska na ajiye a ɗaki. Ƙuryar ɗaki, farin ƙyalle, tasar ruwa, durƙuso, raɗa. Wallahi da ni na ga wata a haka, da tuni na shimfiɗa mata tabarmar wa'azi. Hawaye suka zubo mini. Iya ta ajiye ƙwarya ta dafa kaina.

"Ban ce kin yi laihi ba, ɗiyata. Tausai ta ba ni. Baƙuwa cikin gidan ɗana, kullum ruwa tsura?"

Na ɗauko kaskon na kawo bakin ƙofa, na tona ƙasar da yatsa na nuna musu saiwa. Na rantse haki ne kawai, ciyawa irin ta Allah.

Iya ta duba da kyau. "Ana miya da shi?"

"A'a."

"Magani na?"

"A'a, Iya. Kallonsa ake yi."

Ta dubi furen, ta dube ni. "Da iska ce, da na hi ganewa."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da ni da hawayena. Nonon kuwa fura aka dama da shi, tsohuwar ta fi kowa sha.

Abin da na koya bai da yawa: kafin in fassara abin da na hango a ɗakin wata, in fara tambayarta, don nawa ɗakin ma yana da ƙurya. Wa'azi ban daina ba, sai dai Hajo ta samu makamin da ban da maganinsa. Ina cewa "ki ji tsoron Allah", sai ta ce, "To, Malama. Ya baƙuwarki?" Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce ta yi sabon fure, tana gaishe ta.