Ranar da Na Ƙara wa Jikata Shekara Biyu

Tsufa ya zubar min da abubuwa da yawa daga kai, har carbi nakan nema yana rataye a wuyana, amma ranar taron Zogbo ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ko sunana aka rubuta a bango, wucewa zan yi ban gaishe shi ba. Jikata Rakiya ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa tana rubutawa, kuma ita abin ya fi shafa.

Sai na fara da Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ba zan faɗi sunansa ba, shekara arba'in da wani abu ban faɗa ba, ba yau zan fara ba. Fataucin shanu yake yi, daga arewa zuwa nan Kwatano. Duk wata takarda ta gidanmu a hannunsa take, cikin wata jakar fata da ke ƙarƙashin gado. Ni tukunya na sani, da wanda aka haifa da wanda ya mutu a Zongo.

Rakiya 'yar 'yata ce. A ɗakina aka haife ta, lokacin da uwarta ta zo goyon ciki. Bayan wanka ya ƙare suka koma Malanvil wurin uban. Da uwar ta rasu, Malam ya hau mota ya ɗauko yarinyar, ya sa ta lakwal, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka karɓe ta. Da ta shiga koleji ta kama ƙwallon hannu, ita ce mai tsaron raga. Na yi faɗa, na ce 'ya mace da tsalle-tsalle gaban jama'a? Malam ya ce, "Hajiya, bar ta. Yarinyar da ta rasa uwa, in ta samu abin da za ta cafe, a bar ta ta cafe."

Bai taɓa fashin kallon wasanta ba. Zai ɗauki ɗan bencinsa da ledar lemo, ya zauna bayan raga da babbar riga kamar mai jiran ɗaurin aure. In ya dawo sai ya ba ni labari tun daga busar farko, yana kwaikwayon yadda ta faɗi da yadda ta tashi, ni ina tankaɗe ina yi kamar ban damu ba. Wallahi yau da zan sake jin labarin nan, ko da sau ɗaya, da na ajiye rariyar.

Malam ya rasu da damina. Na fita takaba, gida ya yi min faɗi. A shekarar ne kolejin su Rakiya, ƙaramin koleji ne a nan bayanmu wanda ɗalibansa duka ba za su cika masallacin unguwa ba, ya kai wasan ƙarshe a gasar makarantu. Abokan karawarsu wata babbar makaranta ce daga Abome-Kalavi, wadda aka ce in an tashi ɗalibanta sai hanya ta toshe.

Ga yadda ake raba yaran: rukuni uku ne, ƙanana, matsakaita da manya, kuma takardar haihuwa ce ke faɗin inda kowa zai shiga. Su Rakiya matsakaita ne, waɗanda ba su cika sha shida ba. To ƙananan makarantu suna ta gunaguni. Suka ce ba adalci a haɗa mai zaɓen 'yan wasa bakwai cikin ɗari-ɗari da mai zaɓen bakwai cikin goma sha biyu. Suka ce kuma wasu 'yan matan Kalavi, in dai waɗannan sha biyar ne, to mu ma amare ne. Sai aka kira taron malamai da iyaye a wata makaranta a Zogbo, kwana uku kafin wasan.

Malamin wasanninsu, Metur Isufu, ɗan Jugu ne mai ladabi, ya zo har gida.

"Inna, da Baba yana nan shi zai je. Ko za ki zo ki cika mana kujera? Ba sai kin ce komai ba."

Ba sai kin ce komai ba. Ku riƙe wannan.

Na yi wanka na sa mayafina mai kyau, na hau zemijan, babur ɗin haya, a karkace ina salati har Zogbo. Ajin ya cika. Iyaye a gaba, 'yan wasa a baya jikin bango, kowace makaranta da kalar rigarta. Ana magana da Faransanci, Metur Isufu yana zaune kusa da ni yana juya min a kunne.

Wani diraktan ƙaramar makaranta ya ce a raba bisa yawan ɗalibai, manyan makarantu su kara da junansu, ƙanana da junansu. Na Kalavi ya ce in an yi haka kofin ƙananan zai zama kofin shan koko, ba wanda zai girmama shi. Wata malama ta ce a kawo sikeli da sandar awo, a raba bisa tsayi da nauyi. Wani uba ya ce 'yarsa ba buhun masara ba ce. Daga ƙarshe na Kalavi ya ɗaga wani tulin takardu ya buga a tebur, ya ce takarda ba ta ƙarya, kowa ya bi abin da ke rubuce.

Nan ne Shaiɗan ya taɓa min gwiwa. Na waiwaya na ga kyaftin ɗin 'yan Kalavi, doguwa kamar falwaya, kafaɗu kamar na mai dakan sakwara, na tuna ita ce za ta riƙa jifan Rakiyata da ƙwallo. Na kuma tuna Malam, na ce da yana nan da ba zai yi shiru ba. (Ƙarya nake yi wa kaina. Da yana nan da shiru zai yi, yana ɓare lemo.) Sai kawai na ji ni a tsaye.

"Metur, juya musu," na ce.

"Inna..."

"Juya musu, ɗan nan. Ka ce maigidana ya yi shekara arba'in yana sayen shanu, bai taɓa tambayar bijimi takardar haihuwa ba. Baki yake buɗe masa ya duba haƙori."

Ya juya. Aji ya fashe da dariya, har da tafi. Iyayen ƙananan makarantu suna cewa "Wala! Wala, mama!", yauwa ke nan da Faransanci. Ni da ban taɓa magana gaban maza fiye da uku ba, tafin nan ya hau min kai kamar hayaƙin gawayi. Da na zauna a nan, da yau ina cikin masu daraja a Zongo. Ban zauna ba.

Na gyara mayafi na ce, "Mu matan Zongo ba ma buƙatar takarda. Mu da sa'anni muke lissafi. Kowane yaro mun san da wa aka haife shi, da wa aka goya shi, da wa aka yaye shi. Ku kira kakanni ku tambaye su, ba mai iya ɓoye shekara ko ɗaya. Ga misali, ni ba na tsoron a fara da gidana. Rakiyata ga ta can. Mako ɗaya aka haife su da Hadiza 'yar Ladi mai waina. Rana ɗaya aka yi sunansu, mahauci ɗaya ya yanka ragunan, ni na tuƙa tuwon gidajen biyu har hannuna ya yi kanta. Ga ma Hadizar can, ku tambaye ta!"

Na nuna ta da yatsa. Tana jikin bango cikin 'yan wata makaranta ta Jonke, sanye da rigar manya. Ita ce ma kyaftin ɗin manyan. Shekararta sha bakwai, a takarda da a baki.

Na lura Metur Isufu ya daina juyawa. Yana kallon silin kamar an rubuta masa wani abu a can. Na zungure shi na ce, "Ya na ji ka yi shiru? Juya mana!" Ya ce a hankali, "Inna, don girman Allah zauna." Na ɗauka kunya ce irin ta yaran yanzu.

Ashe cikin malaman Kalavi akwai wata mata wadda uwarta ta yi shekaru tana sayar da atamfa tsakanin Hausawa a kasuwa. Ta miƙe tana murmushi, ta ce da Hausa garau, "Mama, kar ki damu, ni zan juya miki." Har godiya na yi mata. Na ce Allah Ya yi mata albarka.

Ta juya tsaf, ba ta zubar da ko ragon suna ba. Aka jawo tulin takardun nan, aka zaro ta Hadiza, aka zaro ta Rakiya, aka ajiye su gefe da gefe. Ta Rakiya ta ce sha biyar.

Ban gane ba sai da matar ta sake juyo min da shi. Na ce, "To an yi kuskure a ta Hadiza." Hadiza daga bango ta ce, "A'a Kaka, ni a asibiti aka rubuta tawa, ranar da aka haife ni." Wani daga baya ya ce a buɗe bakin mai tsaron ragar a duba haƙori. Dariyar da aka yi a wannan karon ba irin ta farko ba ce. Na nemi ƙasa ta tsage, amma siminti ne. Na waiwaya wajen Rakiya. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta cire safar hannunta ta miƙa wa ta kusa da ita, ta fita.

Metur Isufu ya yi ta roƙo har aka yarda ba za a kori makarantar duka ba, tunda shi da yarinyar ba wanda ya sani. Amma Rakiya ba za ta tsaya a raga ba. Kuma kolejinsu ba shi da ƙungiyar manya, don 'yan matan da suka kai wannan shekarun ba su kai bakwai ba. Wato da bakina na cire ta daga wasan ƙarshe, na kuma cire ta daga ƙwallo gaba ɗaya.

Ranar wasan aka sa wata 'yar ƙarama a raga. Ban je ba. Daga tsakar gida na ji labari, an ce tun ana ƙirga ƙwallayen har aka bari. Rakiya ta yi kwana tara ba ta ce min komai ba sai gaisuwa. "Ina kwana, Kaka." Shi ke nan. Ta ci tuwona, ta wanke kwano, ta shige ɗaki. (Ta ce in faɗa muku kwana goma sha ɗaya ne. To, ita ta yi lakwal.)

Da abin ya ishe ni na tafi wurin Alhaji Mamman, abokin fataucin Malam tun suna samari. Na same shi a ƙofar gida yana shan shayi. Tun kafin in gama gaisuwa ya fara girgiza kai.

"Hajiya, labarinki ya riga ki zuwa. Har a kasuwar shanu an ce a ɗauke ki aikin duba haƙori."

"Alhaji, ba wasa ya kawo ni ba. Wa ya rage wa yarinyar nan shekaru?"

Ya ajiye kofin. "Ni na tsaya shaida. Da ya ɗauko ta daga Malanvil shekararta takwas, ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta da takarda. Ya kai ta makaranta uku, kowacce ta ce ta yi girma da ajin farko. Ya dawo nan ya zauna inda kike zaune, ya ce, Mamman, uwarta ta tafi, ba zan bari boko ma ya tafi ya bar ta ba. Sai muka je aka yi takarda, muka ce shida."

"Shi ne bai gaya min ba? Shekara tara muna kwana ɗaki ɗaya?"

"Na ce masa ya gaya miki. Ya yi dariya ya ce, Hajiyata ba ta iya ƙarya ba, kuma ba ta iya shiru ba. In na ba ta wannan kayan na zalunce ta. Bari in ɗauka mata."

Nan na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. A bakin titi, masu zemijan suna wucewa suna kallona. Ashe mutumin nan har nauyin bakina yake ɗaukar min ban sani ba. Ya tafi da sirrin, ya bar ni da bakin.

Da na koma gida na zaunar da Rakiya na gaya mata duka, yadda Alhaji Mamman ya faɗa. Da na gama ta ce, "Wato Kaka, na girmi duk 'yan ajinmu?"

"Da shekara biyu."

"Shi ya sa nake jin haushinsu." Sai ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, muka haɗu muka yi tare.

Taron nan bai tashi a banza ba, ko da yake ba ni da bakin yin alfahari. Da shekara ta zagayo aka yarda ƙananan makarantu su haɗa 'yan wasansu su fitar da ƙungiyar manya guda. Aka haɗa na Zongo da na Jonke. Rakiya ta koma raga, Hadiza tana gaba. Ban san ko wannan ce hanyar da ta fi adalci ba. Masu sikeli har yanzu suna nan da sikelinsu, masu takarda da takardarsu. Ni dai na ga yaran da da za su zauna a gida sun samu fili, kuma na ga doguwar Kalavi ta jefa ƙwallo Rakiya ta cafe, da idona.

Eh, yanzu ina zuwa. Ina zama bayan raga. In alƙalin wasa ya yi abin da bai gamshe ni ba, sai in cusa goro a baki in yi ta tauna har abin ya wuce. Na koyi cewa kafin mutum ya ce a fara bincike daga gidansa, ya fara sanin abin da ke ƙarƙashin gadonsa. Kwanan baya wata mata ta tare ni a bakin fili, ta nuna wata yarinya ta ce, "Hajiya, ke da kika san kowa, waccan shekararta nawa?"

Na san ranar da aka haife ta, na san wadda ta yanke mata cibiya. Na ce, "'Yar nan, ni tsohuwa ce, ido ya tafi. Je ki tambayi takarda."