Yadda Ake Ceto Butar Shayi Daga Hannun Amurkawa

Ɗan'uwa mai kallon talabijin, ja kujera ka zauna, ka saki ranka. Na san labarin ya iso maka, cewa wani kamfanin Amurka ya shigo da kuɗinsa za a haɗa gwiwa da shi wajen sake shirya Tashar Ƙarshe, shirin nan namu da muka tashi da shi. Kada ka firgita. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi maka alkawari za ka nuna wa Amurkawa fushin Ingila. Hanya ce da aka jarraba. Wanda ya jarraba ta kuwa shi ne Mista Cyril Ackroyd, shugaban ƙungiyar masoya shirin a garinmu nan da ke yankin Yorkshire na Ingila, kuma da shi za mu riƙa misali, domin darasi ba ya zama a kai sai da misali.

Mataki na 1: Ka san abin da kake karewa

Tun Cyril yana ɗan makaranta mai gajeren wando, duk Asabar da yamma yana gaban akwatin talabijin yana kallon Mista Oddy, dattijon nan shugaban tashar da ke can ƙarshen sararin samaniya. Dodanni su taso daga duniyoyi daban-daban da niyyar cinye juna. Mista Oddy ba bindiga ba takobi, sai dai ya dube su ya ce, "To, bari dai a ɗora ruwa tukuna." Ya ɗauko butar shayinsa mai ruwan ƙasa, wadda bakinta ya ɗan ɓalgace. Kafin shayi ya huce an sasanta.

Da tsohuwar darduma aka ɗinka dodannin, in ka lura da kyau har takalmin mutumin da ke ciki kana hangowa. In aka rufe ƙofa da ƙarfi, bangon tashar sai ya yi rawa, don kwali ne. Kada wannan ya ba ka kunya, gado ne. Duk mai kuɗi yana iya ƙera dodo mai ban tsoro. Amma dodon da za ka ji tausayinsa saboda gumin da yake sha a cikin darduma, wannan sai mu.

Mataki na 2: Ka fara makoki tun marar lafiya bai kwanta ba

Kada ka jira sai ka ga sabon shirin. Wanda ya jira ya gani yana iya jin daɗinsa, daga nan kuma mun yi asararsa.

Dubi yadda Cyril ya yi. Yana karin kumallo ya ci karo da labarin a jarida. Ya ninke ta a hankali, ya cire tabarau, ya dubi matarsa.

"Beryl, an gama da mu."

"Wa ya rasu?"

"Ingila."

"Allah sarki. To cinye burodinka tun da zafinsa, in ya so ka bi ta."

Ka lura, tabaransa kawai ya mayar ya ci burodinsa. Iyali ba su cika gane girman irin wannan rashi ba, haƙuri ake yi da su. Kai dai ka riƙa ajiyar zuciya a wuraren da za a ji ka: a layin shiga bas, a shagon mai kifi da soyayyen dankali, a gaban mai aski. In an tambaye ka lafiya, ka ce, "Lafiya lau," da muryar da za ta hana mutum barci.

Mataki na 3: Ka tara ji-ta-ji-ta, ka guji tabbatarwa

Labarin da aka tabbatar ba shi da daɗin tauna. Nemi wanda ya biyo ta bakin mutane da yawa, shi ya fi nuna.

'Yan ƙungiya suka hallara a ƙaramin zauren coci, inda suka saba, ana yayyafi a waje, biskit yana zagayawa a faranti. Misis Doreen Haigh ce ta buɗe taro. Ita ce mai riƙe da makullin zauren, kuma tun fil azal tana ganin ita ta fi cancanta da kujerar Cyril.

"Mijin 'yar maƙwabciyata yana kai musu katako," in ji ta. "Ya ce sabon Mista Oddy haƙoransa farare ne fat. Duka kuma a jere suke."

Aka yi salati.

"Kuma wai gudu zai riƙa yi."

"Gudu? Zuwa ina?" in ji wani dattijo daga baya. "Mutum yana da kujera?"

"Ku tsaya, da saura. An ce zai riƙa faɗin abin da ke ransa. Zai rungume dodo ya ce yana alfahari da shi. Har da hawaye."

Cyril ya ajiye biskit ɗinsa. Shi da ya shekara arba'in da aure bai taɓa ce wa Beryl abin da ya wuce "miyar nan ba laifi" ba.

Doreen ta rage murya. "Kuma za su taɓa butar."

Ba wanda ya ƙara tauna. Ka riƙe wannan da kyau, ɗan'uwa: haƙora ana iya yafewa, gudu ma a daure, amma in buta ta tafi, abin da ya rage wasan wuta ne kawai da mutane masu ihu.

Mataki na 4: Ka yi wa fushinka atisaye

Ana cikin wannan hali sai sa'a ta faɗo. Kamfanin ya aiko da saƙo cewa wakiliyarsa, wata Marcy Delgado, za ta zo garin ta ji ta bakin masoya, kuma an ba ta wuƙa da nama: duk abin da suka ce ba sa so, a cire shi. Ƙungiya ta ɗora wa Cyril magana. Abu ɗaya kawai aka nema daga gare shi, ya dubi idon matar ya ce a bar buta yadda take.

"Ka dai iya?" in ji Doreen.

"Za ta gane kurenta," in ji Cyril.

Daga ranar ya shiga atisaye a gaban madubin banɗaki. Ya haɗe gira, ya ɗaga ɗan yatsa. "Madam, ba mu yarda ba!" Ya ga abin ya yi tsauri, ya gyara. "Madam, in ba damuwa, ba mu cika yarda ba." Ya sake gyarawa. "Madam, ki yi haƙuri da katse ki, wataƙila ni ne ban fahimta ba."

Beryl ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Da wa kake faɗa a ciki?"

"Da Amurka."

"Kai ɗin? Kai da mai keke ya taka maka ƙafa ka bi shi kana ba shi haƙuri? Fito, jarumi, ina son wanka."

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Fushi kamar ganyen shayi yake, yana son a bar shi ya jiƙa. Sai dai ka kula, in ya daɗe da yawa yana komawa ladabi.

Mataki na 5: Kada ka karɓi komai daga hannun abokin gaba, sai fa in ya miƙo maka

Ranar taro Cyril ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza. Marcy ta shigo ruwa ya jiƙa ta sharkaf, tana dariya kamar an yi mata kyauta.

"Kai ne Cyril! Wayyo, ji muryarka don Allah! Sake cewa wani abu!"

Ko Mista ba ta sa masa ba. Kafin ya miƙa hannu ta rungume shi. Ya tsaya ƙiƙam kamar turken fitila, yana kallon rufi, har ta sake shi. Sannan ya ce mata ta yi haƙuri.

"Ku zauna, ku zauna," in ji ta. "Na san ku da shayi. Yau ni zan haɗa muku da hannuna."

Ta shige ɗan kicin ɗin zauren. Jama'a suka kasa kunne su ji ƙarar tafasar ruwa. Shiru. Can sai suka ji an buɗe na'urar ɗumama abinci, an rufe, ta hau gurnani, ta yi ƙara, ƙilin! A cikinta ta dafa ruwan, da madarar, da ganyen, duk a haɗe a kofi ɗaya. Doreen ta dafe ƙirji. Dattijon nan na baya ya cire hularsa.

Marcy ta miƙa wa shugaba kofin farko. Abin ba zafi ba sanyi, kalarsa kamar ruwan da aka wanke tukunya. Idon kowa yana kansa. Ya kurɓa. Ya rufe ido ya tuna iyayensa.

"Yaya ka ji?"

"Madalla. Na gode ƙwarai."

"A ƙaro?"

"In dai ba wahala."

Wasu ɗalibai sukan tambaye ni ko wannan ba ja da baya ba ne. Sam. Dabara ce ta sa abokin gaba ya saki jiki. Kofi uku Cyril ya sha, don ta saki jiki sosai.

Mataki na 6: Ka faɗa mata gaskiya ƙiri-ƙiri

Marcy ta tsaya gaban jama'a ta buɗe wani ƙaton hoto.

"Na ji an ce kuna tsoron za mu jefar da butar. Haba! Mu ma muna ƙaunarta. Ga ta nan!"

Ga ta nan kuwa. Ta fi mutum tsawo, ta azurfa, tana ƙyalli, an yi mata ƙafafu da jajayen idanu. Wuta tana fita ta bakinta, dodanni suna ƙonewa a gabanta, wani saurayi mai damatsa yana kanta a zaune kamar mai sukuwa.

"Har magana tana yi," in ji Marcy. "Amma ku ne masu abu. Cyril, dube ni. Ka faɗa mini tsakani da Allah. In ba ku so, yau ɗin nan zan buga waya a dawo da tsohuwar. Kalma ɗaya kawai nake jira."

Ga ƙofa a buɗe. Cyril ya miƙe. Zuciyarsa tana tafasa, kunnuwansa sun yi ja. Ya dubi hoton, ya dubi matar, ya ga yadda take murmushi, ga gashinta har yanzu yana ɗigar ruwa, ga ta baƙuwa daga nesa, ga shi ya sha mata shayi. Duk da haka ya tattaro ƙarfinsa, ya zaro kalma mafi dafi da ɗan Yorkshire yake da ita, wadda ba a faɗa sai an shirya rabuwa har abada.

"To," in ji shi. "Gaskiya ban taɓa ganin irinta ba."

Zaure ya ɗauki sanyi. Wata tsohuwa ta toshe bakinta. Har Doreen sai da ta sunkuyar da kai, don ita ma tana ganin ya wuce gona da iri. A garinmu, in ka faɗa wa mace haka game da labulenta, jikokinku ma ba za su gaisa ba.

Marcy ta daka tsalle. "Na sani! Na faɗa musu za ku so ta!"

"A'a, wato, abin da nake nufi..."

"Faɗi, faɗi!"

"Wato an yi ƙoƙari. Ba kowa zai yi tunanin haka ba."

"Za ka sa ni kuka, Cyril!"

Ta sake rungume shi. Ya sake ba ta haƙuri. Da za ta tafi, shi ya riƙe mata lema har bakin mota, ya ce ta gaida gida, ta kuma dawowa.

"Na wanke ta tas," ya ce wa Beryl da ya koma. "Har na ji tausayinta."

"Me ka ce mata?"

Ya faɗa mata. Beryl ta ajiye saƙar da take yi.

"Cyril, ita kuwa ta san zagi ne?"

Mataki na 7: Ka girbi abin da ka samu cikin natsuwa

Da bazara ta yi, sai ga tallar sabon shirin a jikin kowace bas ta garin. Ga buta tana aman wuta. A ƙarƙashinta, da manyan haruffa: "BAN TAƁA GANIN IRINTA BA!" in ji Cyril Ackroyd, shugaban masoya. Har da hotonsa, riƙe da kofi, yana murmushin mai ciwon haƙori. Bas ɗin da ke kai shi kasuwa ma tana ɗauke da shi, don haka kullum sai ya bi layi ya shiga ta ƙarƙashin haɓar kansa.

Ya tafi taro na gaba da shirin a tsige shi. Da ma a yi masa ihu, ya fi masa sauƙi. Ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya jawo, ya nemi gafara.

Doreen ta yi masa murmushi mai taushi. "Haba, Mista Ackroyd. Ba komai. Kada ka sa a ranka ko kaɗan."

Sauran suka amsa, "Ba komai, ba komai."

Cyril ya koma kujerarsa. Shi ba Ba'amurke ba ne, ya ji sarai abin da aka ce masa. Da farantin biskit ya zagayo, sai da ya iso daidai kansa ya ƙare.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ta da hannu a duk abin da ya same ka sakamakon bin matakan nan, ko hotonka ne ya hau bas, ko maƙwabta ne suka fara gaishe ka da fara'a fiye da da. Alkawarin da na yi shi ne za ka nuna fushi. Ban ce za a gane ba. Wanda yake da ƙorafi yana iya zuwa ya same ni a gida ya faɗa mini ido da ido. Zan ɗora ruwa, in zuba masa, in tambaye shi yaya ya ga darasin.