Tudun da Kwamfuta Ta Gina Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya kare binciken digirina na biyu a Garuwa, abin da muke ce wa sutinans. A wurinmu ba kai kaɗai kake zuwa ba, da dangi ake cika zauren. Baba ya rufe shagonsa na atamfa, Goggo Asabe, ƙanwarsa, ta taso daga Yagwa takanas, an kuma dafa shinkafa da kifin Binuwai ana jiran a tashi.

Aikina a kan zoɓo ne. Na tara fitsarin masu shansa da na waɗanda ba sa sha (kar ku tambaye ni yadda na roƙi kawunnaina), aka aika waje aka sa a na'urar maganaɗisu. Abin da take dawo maka da shi zane ne mai tuddai, kowane tudu alamar wani sinadari. Layin da ke ƙarƙashinsu ya kamata ya miƙe, amma nawa ya zo a karkace, musamman kusa da alamar ruwa. Akwai manhajar da ke miƙe shi da kanta. Na danna, ta miƙe shi tsaf, sai ga wani tudu kyakkyawa da ban taɓa gani ba. Daga ranar ban sake buɗe zanen asali ba, malamina ma gyararren na riƙa tura masa. Kafin wani lokaci duk unguwa ta ji cewa ɗan Alhaji ya gano sirrin zoɓo (ni na baza labarin, ba wani ba).

Na yi bayanina da Faransanci ina ta nuna tudun da sanda. Sai wata farfesa cikin alƙalan, mai magana a hankali, ta nemi in nuna zanen kafin gyara. Na buɗe. Babu tudu, babu alamarsa. Ta ce in buɗe na kwalbar gwaji, wadda ruwa ne zalla a ciki, in danna gyaran a gabansu. Na danna, tudun nawa ya fito ɓaro-ɓaro. Ashe manhajar ce ta lotsa layin a gefe biyu ta bar ƙullutu a tsakiya.

Farfesar ta miƙe tsaye ta ce, "Malam, ruwan ma zoɓo yake sha?"

Ni kuwa tun a gida da bakina na gaya wa Goggo cewa idan alƙali ya miƙe, to an gama, na ci. Faransanci ba ta ji. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran dangi suka ɗauki tafi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alƙalan suka sunkuyar da kai suna danne dariya, aka ce in sake aikin in dawo bayan damina.

A waje na faɗa wa Baba gaskiya. Ya ce, "To, a je a ci abincin, an riga an dafa. In za ka koma, mu biyu za mu."

Na koma na ci, ba tudu, ba guɗa. Yanzu ko ɗalibi ne ya kawo mini zane a miƙe sumul, sai na ce ya fara nuna mini karkataccen. Dangi kuwa sai sakamako ya fito nake gayyatarsu.